Agogon hannunka na ƙirga takunka, wa ke auna damtsen ƙaninka?

Ka buɗe sitatus na WhatsApp da safe, ko ka leƙa TikTok da daddare, da wuya ka gama ba ka ci karo da hoton wuyan hannun wani ba. Baƙin agogo mai fuskar waya, ga lambobi na walƙiya: taku kaza, bugun zuciya kaza, barci awa shida da 'yan mintuna. A ƙasa an rubuta "yau ma mun cika dubu goma". Daga Funtuwa har Daudawa, daga Ƙanƙara har Sabuwa, agogon nan ya shiga jerin kayan ado na saurayi da budurwa, kusa da turare da takalmi. Ba na ganin laifin kowa. Matashin da ya fara tambayar kansa nawa ya motsa yau, ya fi wanda bai taɓa tambaya ba. Sai dai abin da ke ɗaure a hannunka na'urar bincike ce, ɗan'uwa, kuma duk na'urar bincike tana da abin da ta iya, da abin da take zato, da wanda take kai wa rahoto. Ya kamata ka san ukun kafin ka damƙa mata lafiyarka.

Mu fara da abin da ta iya, domin ba ƙarami ba ne. Ka juya agogon ka duba bayansa, za ka ga koren haske na ƙyaftawa. Jini yana shanye koren haske. Duk lokacin da zuciya ta buga, jinin da ke bi ta ƙarƙashin fata ya ƙaru, hasken da ke dawowa ga agogon ya ragu. Da wannan hawa da saukar yake lissafa bugun. Akwai kuma wata 'yar na'ura a ciki, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, aikinta jin motsi. Da ita yake ƙirga taku, da ita yake hasashen ka yi barci idan hannunka ya daɗe shiru.

Da waɗannan abubuwa biyu masu sauƙi masana suka sauya yadda ake nazarin ɗabi'ar mutane. A da sai dai a tambaye ka: sau nawa kake motsa jiki a mako? Kowa kuma ya san yadda muke amsa irin wannan tambayar, mutum ya ƙara gishiri ko ya manta. Tsakanin 2013 da 2015, wani babban shirin bincike na Birtaniya mai suna UK Biobank ya ɗaura wa mutane sama da 100,000 na'urar jin motsi a wuyan hannu har kwana bakwai, sannan aka ci gaba da bibiyar lafiyarsu shekara da shekaru, ana ganin wa ya kamu da ciwon zuciya, wa ya kamu da ciwon suga. A 2019 jami'ar Stanford ta Amurka ta fitar da sakamakon binciken da ta yi da masu agogon Apple sama da 419,000, inda agogon ya gargaɗi kusan mutum ɗaya cikin ɗari biyu cewa bugun zuciyarsu na hargitsewa. A 2015 kuwa, masana a cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka liƙa wa mutum 800 na'urar da ke auna suga dare da rana, suka gano cewa mutum biyu za su ci abinci iri ɗaya, sugan ɗaya ya yi sama, na ɗayan ya tsaya cik. Wannan ilimi ne na gaske, kuma zai amfani 'yan Adam.

Ko taku dubu goman da kuke ta gasa a kai, na'urorin ne suka tona asirinsa. Adadin bai fito daga ɗakin likita ba. Wani kamfanin Japan ne ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, ya raɗa mata suna mai ma'anar "ma'aunin taku dubu goma", talla ta karɓu, duniya ta ɗauka kamar wahayi. Da masu bincike na Harvard suka bi tsofaffin mata sama da 16,000 da na'ura, sakamakon da suka buga a 2019 ya nuna cewa masu taku wajen 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsira daga mutuwa a shekarun da aka bibiye su, amfanin kuma ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Saboda haka idan agogonka ya nuna dubu bakwai, kada ka fita zagaye unguwa ƙarfe sha ɗayan dare don cike gurbi. A yankinmu ma dai fitar dare tana da nata hatsarin da ya fi na rashin motsa jiki.

Yanzu ga inda zaton yake farawa. A 2017 masu bincike a Stanford suka gwada agoguna bakwai na manyan kamfanoni. Shida daga ciki sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Amma wajen lissafin kuzarin da jiki ya ƙona, wanda ya fi kowanne ƙoƙari ya yi kuskuren kashi 27, mafi muni kuma kashi 93. Ka lura fa, waɗannan masu tsada ne. To ina ga wanda aka zuba a faranti a bakin tasha, ba sunan kamfani, ba takarda, kuɗinsa bai kai na buhun gawayi biyu ba? Ga gwaji mai sauƙi: ka ɗaura shi a jikin ayaba ko kwalbar lemo, ka danna awon zuciya. Wasunsu za su ba ka lamba, ko kunya babu. Idan naka ya gano bugun zuciya a jikin ayaba, ka san matsayin da za ka ajiye shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu cewa suna auna hawan jini da suga. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ƙarara ta ce ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, ta kuma gargaɗi mutane su guje su. Na'urar suga ta gaskiya da ake liƙawa a damtse tana da siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, ana sauya ta bayan kamar mako biyu, kuma tana da tsada. Ka yi tunanin ɗan da ya sayo wa mahaifinsa agogon tasha don nuna kulawa. Baba na shan maganin hawan jini, agogo ya nuna masa 120 bisa 80 safe da yamma, sai ya ce ai ya warke, ya ajiye magani. Ko yayarka mai juna biyu, ƙafafunta sun kumbura, kai na sara mata, ta duba agogo ya ce lafiya lau, ta fasa zuwa awo. Jijjiga ba ta tambayar agogo kafin ta zo. Ana ƙiyasta cewa wajen mutum ɗaya cikin uku na manyan Najeriya na da hawan jini, da yawa ba su sani ba. Awonsa na gaskiya yana nan yadda aka san shi, maɗaurin da ake naɗawa a damtse a hura masa iska, mutum na zaune ya huta. Idan ya kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya, maganar ta ma'aikacin lafiya ce.

Akwai kuma batun fata. Na'urorin da ke aiki da haske an fi gwada su a kan fararen fata. A Disambar 2020 likitoci a jami'ar Michigan suka buga binciken da ya nuna cewa 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin ta ninka kusan sau uku wajen kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙaƙen fata, idan aka kwatanta da farare. Na'urar asibiti ke nan, wadda aka daɗe ana amfani da ita. Ba cewa nake a watsar da ita ba, tana ceton rayuka kullum. Amma ya isa ya nuna maka cewa lokacin da ake ƙera kayan nan, ba hannunka aka sa a gaba ba.

Kuma ba fatar kaɗai ba ce, har rayuwar. Agogo yana ƙirga taku ne daga lilon hannu. To ki duba gidanku, 'yar'uwa. Inna ta tsaya wuri ɗaya tana daka, taɓarya na hawa tana sauka. Agogo zai iya rubuta mata tafiyar da ba ta yi ba. Ƙanwarki ta ɗauko ruwa daga rijiyar burtsatse, hannunta na sama riƙe da bokiti, ta yi tafiya mai nisa da nauyi a ka. Hannun bai yi lilo ba, agogo ya tauye mata lissafi. Ɗan acaɓa ya wuni a zaune kan babur, gargadar hanya na jijjiga shi, da yamma agogo ya taya shi murnar cika dubu goma. Manomin da ya duƙa yana noma da fartanya tun hantsi, ko mai cirar auduga, wane aji manhajar za ta sa shi? Manhajojin da ke lissafa abinci ma haka suke. Ka nemi malmalar tuwon dawa da miyar kuka, ko fura da nono, ko dambu, ko ɗanwake da mai da yaji, ka ga abin da za ta ba ka. Ko ta kawo sunan, ba ta san girman malmalar gidanku ba, ba ta san mutum nawa suka sa hannu a kwano ɗaya ba.

Wannan giɓi ana iya cike shi, an ma fara. Masu bincike daga jami'ar Reading ta Ingila sun ɗaura wa manoma maza da mata na'urar jin motsi a arewacin Ghana, suka buga sakamakon farko a 2017. Sun bi su a lokutan aikin gona daban-daban, suna haɗa abin da na'ura ta nuna da abin da mutum ya ce ya yi da abin da ya ci. Tambayarsu ita ce ta gidanmu: shin abin da manomi ke ci yana biyan ƙarfin da yake kashewa? Wa ya fi ɗaukar wahala, kuma a wane wata? Duk ɗan Faskari ya san amsar da ido: tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aiki kuma ya yi sama, ga zazzaɓin cizon sauro. Amma abin da aka sani da ido ba ya shiga kasafin kuɗi sai an mayar da shi lamba. Da za a yi irin wannan bincike a Daudawa, da hannun ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsinma ko ta Ahmadu Bello, ni ne farkon mai goyon baya.

Da sharaɗi fa. Daudawa ba baƙuwar bincike ba ce. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka kafa gonar gwajin irin auduga a garin, aka auna ƙasa, aka auna iri, aka rubuta a littattafai. Manoma sun samu iri, ba musu, amma babbar manufar ita ce wadata masaƙun Ingila. Idan yau abin da za a auna jikinmu ne, tambayar wa zai amfana ta fi ta wancan lokacin nauyi.

Ga dalili. Agogo ko wayar da ke bin motsinka ba taku kawai take ajiyewa ba. Idan ka bar mata damar sanin wurin da kake, tana rubuta ƙarfe nawa ka fita, wace hanya ka bi, ina ka tsaya, yaushe ka dawo. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan shekara ashirin a Ostareliya, Nathan Ruser, ya duba taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa, ya ga cewa sawun sojojin da ke gudun safe sanye da agogo ya zana sansanonin soja a Siriya da Afghanistan da wasu wurare, hanya-hanya, kamar an bi da alli. Sojojin manyan ƙasashe ke nan, da duk horonsu. Kai kuma ka ɗora hoton taswirar gudunka a Facebook, ga ƙofar gidanku inda layin ya fara, ga lokaci a rubuce, ga agogo mai tsada a hannu. A Legas wannan gayu ne. A yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, inda kalmar "infoma" ta shiga bakin yara ƙanana, ka yi wa mugu rabin aikinsa kyauta. Ka ɗora adadin takun idan kana so, ka rufe taswirar. Ka shiga saitin manhajar ka kashe damar wurin, ko ka taƙaita ta ga lokacin da kake amfani da ita. Minti biyu ne.

Kada a ɗauka ina tsoratar da ku daga fasahar ne gaba ɗaya. Ita wannan bibiyar sawu ta yi mana aiki a nan Arewa. Daga wajejen 2012 aka fara ba ayarin masu rigakafin shan inna wayoyin da ke rubuta inda suke duk bayan 'yan mintuna, a jihohin da cutar ta fi ƙamari, ciki har da Kano da Katsina. Da yamma a sauke bayanan, a ɗora su kan taswirar da aka zana daga hotunan tauraron ɗan Adam, nan take a ga ƙauyuka da rugagen da ba a taka ba, a sake tura mutane. Yana daga cikin abubuwan da suka taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ranar 25 ga Agusta, 2020. Bambancin shi ne an san wa ke riƙe da bayanan, an san abin da ake nema da su, kuma ma'aikata ake bibiya a bakin aikinsu.

Amma ku tuna me ya sa aka sha wahalar shan innar tun farko. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara 200 a Kano. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labari na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa. Yarda idan ta fashe, ɗinkinta na cin shekaru, yaran da ba su ji ba ba su gani ba su ke biya. Don haka idan wata rana wasu suka zo garinku da kwalin agoguna kyauta da takardar sa hannu, kai da ka yi boko kai ne idon gidanku. Ka tambaye su da Hausa, su amsa da Hausa: me na'urar ke ɗauka, ina bayanan za su tafi, wa zai gani, wane kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kuma idan aka ga alamar ciwo a jikin Baba, za a gaya masa a kai shi asibiti ko za a rubuta a wuce? Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma ba ka damar janye amincewarka. Ɗan kuɗin mota da sabulu da za a raba ba su ne farashin wannan haƙƙin ba.

Sai kuma maganar da masu tallar fasaha ba sa son a yi. Agogo na son caji, manhaja na son data, data na son sabis. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro, Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa na ciki, aka shafe watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya kira ɗan'uwansa. Duk tsarin lafiyar da ya rataya a kan intanet, a wannan lokacin ya zama ado.

Alhali akwai wata na'urar da ake ɗaurawa a hannu, ba ta son caji, ba ta son sabis, ba ta kai rahotonka ko'ina, kuma a yau ta fi kowane agogo kusa da ceton rai a yankinmu. Siririn maɗauri ne na roba ko takarda mai kauri, mai launi uku, ja da rawaya da kore, wanda ake auna kaurin damtsen yaro da shi daga wata shida zuwa shekara biyar. Ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya. Daga 125 zuwa sama kore. Ba wanda ke ɗora hotonsa a sitatus, na sani, ba ya walƙiya.

Ka dubi alƙaluman. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan yara shida cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar a Katsina sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar saboda tamowa, ta kuma danganta yawancin hakan da rashin isowa asibiti a kan lokaci. Waɗanda suka iso ke nan aka ƙirga. Jihar da ke cika kasuwannin Dandume da Funtuwa da masara, ita ce yaranta ke mutuwa da yunwa. Gonakin da tsoro ya hana nomawa, tsadar abinci, ƙyanda da gudawa da zazzaɓi, da raguwar tallafin ƙasashen waje, duk sun haɗu a kan ƙaramin jiki ɗaya. Maɗauri ba zai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da yake yi shi ne ya rage jinkiri, kuma jinkirin ne ke kisa.

An gwada a ƙasar Hausa. A gundumar Mirya ta jihar Damagaram a Nijar, ƙungiyar ALIMA da abokan aikinta sun koya wa uwaye sama da 12,000 a yankin Dogo yadda za su auna 'ya'yansu da kansu, tsakanin 2013 da 2014, aka kwatanta da yankin Takieta inda ma'aikatan sa-kai ke yin awon. Mata ne irin iyayenmu, da yawansu ba su yi boko ba. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna cewa a yankin uwayen an fi kawo yara da wuri, waɗanda suka buƙaci kwanciya asibiti sun fi ƙaranci, kuɗin da aka kashe kuma bai kai rabin na ɗaya yankin ba. Dalilin a fili yake. Ma'aikaci na zuwa ne idan hanya ta yi kyau kuma an biya shi alawus, uwa kuwa tana tare da ɗanta dare da rana. Daga baya ƙasashe da dama suka ɗauki tsarin. Yaron da aka gano da wuri, matuƙar yana iya cin abinci kuma ba wani ciwo mai tsanani a tare da shi, galibi a gida ake jinyarsa da abincin tamowa na leda, wanda aka haɗa da gyaɗa da madara da suga da mai da sinadaran gina jiki. Magani ne wannan abincin, don Allah, ba na rabawa yayye ba ne, ba kuma na kai wa kasuwa ba.

To ga inda kuka shigo, ku da kuka iya saita agogo ku haɗa shi da waya cikin minti ɗaya. Ku je cibiyar lafiya mafi kusa ku nemi maɗaurin, ku roƙi ma'aikaciyar ta nuna muku a aikace. Idan babu, ku tambayi dalili, ku kai tambayar ga kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar da ke wakiltar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, a shafukan da kuka saba yi musu tsokaci. Masu mabiya dubbai a TikTok, bidiyon daƙiƙa sittin da Hausar Katsina ya isa ya nuna yadda ake yi. A cire wa yaro riga, hannunsa na hagu ya sauka a sake. A nemi tsakiyar damtse, tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu. A zagaya maɗaurin, a zura bakinsa ta ramin, a ja har ya kwanta a kan fata, kada a matse, kada a bar shi sako-sako, sai a karanta launin da kibiya ta nuna. Daga nan a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga uku a hankali, a ɗaga. Idan wurin ya lotsa a ƙafafun biyu bai taso nan take ba, kumburin tamowa ne, ko da maɗauri ya nuna kore, ko da maƙwabta na cewa yaro ya yi ƙiba.

Rawaya na nufin a je cibiyar lafiya cikin kwanakin nan, a kuma sake awo akai-akai. Ja, ko ƙafa mai lotsawa, ranar za a tafi, ba sai ranar kasuwa ba, ba sai maigida ya dawo daga ci-rani ba. Idan yaron ya ƙi nono ko abinci, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko jikinsa ya saki, kai mai babur a gidan kai za ka ɗauko makulli.